Saƙon da Na Kai wa Metir Sani a Maraɗi

Tashi daga Yamai

Na fito daga gida ranar Asabar kafin kiran asuba, da jakata da tabarma. Kar ɗin da zai kai mu Maraɗi, wato babbar motar fasinja, yana tsaye a ƙofar babbar makarantar da ke bayan gidana a Kirkissoye, ɗalibai 'yan balo, wato ƙwallon ƙafa, suna loda kaya. Ba ni da ɗa a makarantar. Mu dai maƙwabta ne, muna da fadar shan shayi a gindin itacen bedi a gefen filinsu, kullum da la'asar muna kallon su suna motsa jiki, muna gardama a kansu kamar mu muka haife su.

Ba kallon wasa kaɗai ya fito da ni ba. Fada ce ta aike ni wurin Metir Sani, malamin wasanni da ke horar da yaran. Saƙon shi ne ya sauka daga horar da su da kansa, in ba haka ba 'yan fada za su je wurin daraktan makarantar su ce a sauke shi. Laifinsa a wurinsu, yana tara yara a baya suna tsaron gida, ba ya canjin ɗan wasa sai lokaci ya ƙure, kuma ya nace wa wani gajeren gola. Ni aka zaɓa don na girme su, kuma an ce ba na fushi. Ban so ba, domin sahu ɗaya muke sallah da Metir, amma na karɓa. Aka haɗa ni da Alzuma mai gyaran babur, wanda ya fi kowa zafi a fada, ya zama shaida.

Muka yi sallah a bakin hanya, muka haye tsohuwar gada gari bai waye ba. Metir yana gaba kusa da direba, ni da Alzuma muna can baya a kan buhun riguna.

Doso

A shingen jandarma na fitar gari aka duba katin kowa, aka ɗaga mana igiya. Mun iso Doso da hantsi, kilomita kusan ɗari da arba'in. Muka sauka karin kumallo, na ci dambu da zogale na dala hamsin.

Alzuma ya zungure ni. "Yaya Idi, ga Metir can shi kaɗai. Je ka."

Na ce, "Mutum yana cin abinci? Bari ya wanke hannu."

Kafin ya wanke hannu direba ya danna oda. Direban nan Bagobiri ne, da ya ji Alzuma Bazabarme ne sai wasan taubasai ya tashi. Ya ce, "A ƙidaya mini Zabarmawa, kar in bar ɗaya a wurin mai dambu." Alzuma ya ce shi bai taɓa ganin Bagobiri ya kai mota inda aka aike shi ba sai da turi.

Daga nan hira ta koma kan filaye. Wani ɗalibi ya ce ba abin da ya kai ciyawar roba, balo yana tafiya sumul. Wani ya ce da rana tana ƙona tafin ƙafa har ta cikin takalmi. Alzuma ya ce fili na gaskiya shi ne namu, yashi zalla, wanda ya iya gudu a cikinsa zai iya gudu ko'ina. Suka yi masa dariya, suka tuna masa awakin da ke ratsawa ana tsakiyar wasa. Suka tambaye ni da sunan da suke kiran manya, "Tonton, kai fa?" Na ce ni filin da nake so shi ne wanda mai shekaru zai zauna a inuwa ya hango raga biyu ba tare da ya miƙe ba.

Dogon Dutsi

Ban san Metir ɗan Dutsi ba ne sai da kar ya bar kwalta ya shiga wani lungu. Ashe ya shirya mu ci abincin rana a gidan mahaifiyarsa. Tsohuwa ce doguwa, idonta ɗaya ya yi fari, tana tafiya tana dafa bango. Matan maƙwabta ne suka taya ta girki. Aka kawo tuwon hatsi da miyar kuka da kaji, aka shimfiɗa mana tabarmi a zaure.

Ta zo gaishe mu. Metir ya nuna mu ya ce, "Inna, waɗannan su ne mutanen da nake ba ki labari. Ruwa ko rana suna bakin fili."

Ta kama hannun Alzuma da hannu biyu. "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ku riƙe mini shi, ba shi da kowa a can sai ku."

Alzuma ya ce amin, kansa a ƙasa. Ya ci tuwo malmala biyu. Da muka koma mota na ce masa, "In je yanzu?" Ya ce, "Haba Yaya Idi, a ƙofar gidan uwarsa?"

Konni zuwa Maraɗi

Mun yi azahar da la'asar a Birnin Konni. 'Yan duwan masu binciken kaya suka leƙa ƙarƙashin kujeru, ba su ga komai ba sai takalma. A Galmi rabin motar ya sauka sayen albasa, har warinta ya rufe na takalman. Bayan Madawa taya ta yi faci, muka tsaya aka canza. Nan na so in yi magana, sai na ga Metir ya tara yara a gindin wata ƙaya yana zana musu tsayuwar gobe a ƙasa da tsinke. Na ga bai dace a karya wa mutum gwiwa ana jajibirin wasa ba. Mun shiga Maraɗi bayan magariba, aka sauke mu a ajin wata makaranta, kowa ya shimfiɗa tabarmarsa tsakanin tebura.

Ranar wasa

Filin masu masaukinmu jar ƙasa ce mai tauri, an kewaye shi da katanga, an ja layi da farar ƙasa. Akwai rumfar kwano da benci na siminti a gefe guda, kuma daga nan ana ganin raga biyu. Na yaba masa. Alzuma ya ce wannan ba fili ba ne, daɓen shanya hatsi ne.

An fara da la'asar. Yaranmu sun saba da yashi, balo yana tsalle yana wuce su. Suka koma baya kamar yadda Metir ya saba tsara su. Gajeren golan nan ya tare ƙwallaye da yawa, har mutanen gari suka tafa masa. Bayan hutu aka zura mana ɗaya. Alzuma ya yi ta kiran a yi canji har muryarsa ta dushe, Metir bai yi ba sai dab da tashi. Haka aka tashi, ɗaya da nema.

Isar da saƙo

Litinin bayan asuba na sami Metir a teburin mai shayi a ƙofar makaranta. Na kira Alzuma ya zauna. Na jira Metir ya ajiye kofi, sannan na ce, "Metir, aiko ni aka yi. Ba maganata ba ce, amma na karɓa, dole in faɗa." Na faɗa masa duka, ban rage ba, har maganar darakta.

Ya juya cokali a cikin kofin. Sai ya ce, "Dukansu?"

Na ce, "Ba wanda ya ce a'a."

"Har da kai, Malam Idi?"

"Ni ban ce komai ba ranar."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To, alhamdulillahi. Kun ga Inna da idonku. Tun bara wata makaranta a Dutsi take nema na, na ƙi. Duk la'asar in na ga kun fito da butar shayi sai in ji kunyar tafiya. Na ɗauka kuna so na ne. Tunda haka ne, kun sauke mini nauyi."

Alzuma ya gyara zama. "Metir, ai ba wai ka tafi gaba ɗaya ba. Mu dai canji muke so ka riƙa yi da wuri."

"Sauka aka ce, ko ba haka ba, Malam Idi?"

Na ce, "Sauka aka ce."

Alzuma ya ce, "To wa zai riƙe yaran?"

Metir ya ce, "Ni kaɗai ne malamin wasanni a makarantar, kuma ba a biyan kowa don aikin la'asar. Amma tunda za ku wurin darakta, sai ku tambaye shi."

Komawa gida

Mun bar Maraɗi rana tana fitowa. Hanya lafiya, ba faci, jandarmomi ba su tsai da mu da yawa ba. Direba ya tsokani Alzuma sau biyu, Alzuma ya kawar da kai wajen taga, sai direban ya ƙyale shi. A Dutsi Metir ya ɗauki jakarsa, ya ce wa kyaftin ya kula da kayan wasa, zai kwana biyu ya biyo mu. Yaran ba su san komai ba, suna ɗaga masa hannu ta taga.

Mun haye gada da magariba. Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa direba, da mutanen Maraɗi da suka ba mu wurin kwana, da ɗaliban da suka girmama ni a hanya.

Washegari da la'asar na je fada. Yara sun fito fili, suna tsaye cirko-cirko, ba mai hura musu usur. Na ce wa mutanena saƙo ya isa, kuma Metir ya yarda, zai koma garinsu. Wani ya ce shi dama tsoratarwa ya ɗauka za a yi. Wani ya ce laifin Alzuma ne. Daga ƙarshe suka ce in koma in ba shi haƙuri, tunda ni ba na fushi.

Na ce zan je, amma ba ni kaɗai ba, sai mun tafi gaba ɗaya kowa ya faɗa da bakinsa. Har yau da nake wannan rubutu ba su tsai da rana ba. Metir kuwa ya dawo, kuma jiya na ga matarsa tana neman kwalayen zuba kaya a wurin mai shago.