Bangon da Yaya Sule Ya Zana Inna

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayana, Sule Mai Fenti. Ba lalle masu karatu su san sunan ba, amma duk wanda ya kalli talbijin a Kano a wancan zamani ya ga aikinsa. Akwai wani shiri na yamma da dattawa ke zama a kan tabarma suna hira. A bayansu ga ƙofar zaure, ga tsamiya, ga wata tsohuwa a gefe tana bakacen gero. Mutane da yawa sun ɗauka ƙauye ake zuwa a ɗauko shirin. Bango ne kawai, a cikin ɗakin ɗaukar shirye-shirye na tsohon gidan talbijin da ke Nassarawa, kuma Yaya ne ya zana shi.

Abin da ba kowa ya sani ba, zauren nan na gidanmu ne, can wajen Ringim. Tsohuwar kuma Innarmu ce. Inna ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba har ta koma ga Allah, zauren ma ambaliya ta cinye shi daga baya. Da ka Yaya ya zana ta, bai manta ko warwaro ɗaya da take sawa a hannun hagu ba.

Lokacin ina sabuwar zuwa Badawa, ba mu da akwatin talbijin. Gidan maƙwabciyata Hajiya Talatu nake shiga ranar shirin. Ba na jin abin da dattawan ke faɗa. Jira nake mai ɗaukar hoton ya juya kan wani tsoho da ke zama a hagu, don a lokacin ne Inna ke fitowa ta bayan kafaɗarsa. Har Hajiya Talatu ta fara tsokanata: "Ke dai Asabe, in wannan tsohon kike so ki faɗa, mu aika masa da goro."

Da aka dawo mulkin farar hula, aka zo ƙaddamar da Shari'a, Yaya na cikin waɗanda suka tafi filin taron a ƙasa don murna. Bayan nan aka fara magana a wurin aikinsu kan zanen abu mai rai. Ina so in faɗi wannan yadda yake: babu wanda ya ba shi umarni. Shi da kansa ya je ya tambayi malamin masallacinsu, ya dawo ya yi kwanaki ba ya cin abincin kirki. Wata Asabar ya ɗauki bokiti da buroshi ya fita. Da shirin ya sake zuwa, mai ɗauka ya juya hagu, sai na ga rumbu a inda Inna take.

Washegari na same shi a gida yana wanke buroshi.

"Yaya, ina ka kai Inna?"

"Tana inda take, Asabe. Ki yi mata addu'a, ta fi mata bango amfani."

Bai ɗago ya dube ni ba. Ban sake tayar da maganar ba, shi ma haka, har ciwon da ya yi ajalinsa ya kwantar da shi.

Daga baya gidan talbijin ya koma sabon gini, aka bar tsohon ana jibge karyayyun kujeru a ciki. Duk lokacin da na wuce ta layin, sai in ga katangar a lulluɓe da fuskokin 'yan takara, wannan a kan wancan. Yau malamai ma da hotunansu ake sanar da wa'azi, jikokina kuwa ko tuwo ba sa ci sai sun ɗauke shi a waya. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Ba na jin zai yi nadama. Zan iya jin muryarsa yana cewa shi dai ya tambaya, an ba shi amsa, ya yi aiki da ita. Ni ce dai har yanzu in na rufe ido don in tuno fuskar Inna, sai rumbu ya riga ta zuwa.

Kwanan baya ɗana ya gaya mini an ba da aikin gyaran ginin. Na yafa mayafi na tafi. Maigadin, wani dattijo mutumin Katsina da ake kira Malam Idi, ya saurare ni har na gama, sannan ya ɗauko makulli.

Ɗakin ya fi yadda nake zato ƙanƙanta. Rufin ya yoye, ruwan damuna da yawa ya bi bangon. Tsamiya na nan, ƙofar zaure na nan. Rumbun ne ya fara ɓarewa daga ƙasa. A wurin da ya ɓare ga gefen faifai, ga hannu, ga warwaro.

Na shafa rumbun da yatsa, sai ya biyo ni kamar gari. Fentin ruwa ne. Sau da yawa na ji Yaya na yi wa yaransa faɗa cewa ba a ɗora fentin ruwa a kan na mai, ba ya kamawa, ko ba daɗe sai ya zube. Bangon nan da fentin mai ya zana shi. Mutumin da ya shekara talatin da buroshi a hannu bai yi wannan da mantuwa ba.

Malam Idi ya matso ya leƙa. "Hajiya, ai wannan tsumma da ruwa sun ishe shi. In ɗebo miki a buta?"

Ya ɗebo. Na riƙe jiƙaƙƙen tsumman, na tsaya daidai inda na san fuskar take. Na daɗe a haka. Na tuna kwanakin da Yaya ya yi ba ya cin abinci kafin ya rufe ta don tsoron Allah, na kuma tuna bai iya shafe ta gaba ɗaya ba. Sai na miƙa wa Malam Idi tsummansa.

"Shi ya rufe, Malam. Ba ni zan buɗe ba."

"To, Allah Ya jiƙan mai aikin," in ji shi, ya matse tsumman a ƙasa.

Yaya bai bar gida ba, bai bar gona ba. Abin da ya bari shi ne bangon nan: rabi na abin da ya yarda da shi, rabi na abin da ya kasa rabuwa da shi. Allah Ya gafarta masa, Ya haɗa shi da Inna a inda babu shamaki tsakaninsu.

Na bar wa Malam Idi lambar ɗana, ya ce zai riƙa leƙa ɗakin duk bayan ruwa. An ce masu fenti za su zo bayan Babbar Sallah. Damuna kuma ta kusa faɗuwa. Ban san wanda zai riga isa bangon ba.