Kan Tsuntsun Akwatin Hettie

Alvin Rothermel mai rubuta allunan shaguna ne a garin Reading, har shekarun matsin tattalin arziki suka kashe kasuwar. A 1937 wani ofishin gwamnati ya ɗauke shi cikin masu zagaya ƙauyukan Pennsylvania suna zana tsofaffin kayan gida da fentin ruwa: tulu, bargon faci, zakaran ƙarfe na kan rufi mai nuna inda iska ke kaɗawa. A lokacin irin waɗannan kaya suna nan a kowane gida, ba wanda ya ɗauke su a bakin komai. Dokar aikin ɗaya ce: abin da ido ya gani kaɗai za a zana, har tsaga da tsatsa. Alvin bai taɓa karya ta ba. Yakan cinye yini guda yana haɗa launin tabon mai.

A gidan wata tsohuwa, Hettie Kershner, ya tarar da akwatin aure na katako, shuɗi, mai zanen furanni da tsuntsaye biyu. Na hagu ba kai, fentin ya ɓare tuntuni. Kwana goma sha ɗaya ya yi yana zana akwatin, Hettie na kawo masa kofi tana leƙe.

"Ɗan nan, ina kan tsuntsuna?"

"Ba shi a jikin akwatin, Inna."

"Ni za ka gaya wa? Ni na kankare shi da cokali ina 'yar shekara biyar, na kuwa sha duka. Tukkunsa ja ne. Mayar masa."

"Ofis ba za su karɓa ba."

"Ofis! Su suka gan shi? Ni kaɗai na rage da na san kan nan, kuma shekara tamanin da bakwai gare ni. Cizon ɓera ka zana, kai ne ya gagare ka?"

Alvin ya koma kan aikinsa. Ya gama zanen ofis yadda akwatin yake, ya rubuta awonsa a baya, ya sa hannu. Sannan ya ɗauko wata takarda, ya matso da kujerarsa kusa da tata.

"To, Inna, ina bakin ya kalla?"

"Baya, yana waiwayen ɗan'uwansa. A'a, wannan ai agwagwa ce! Rage bakin. Kai da aka ce gwani ne."

Sau shida ya sake. A na bakwai ta kai takardar bakin taga, ta daɗe tana dubawa.

"Shi ne," ta ce a hankali.

Ta nemo ƙananan ƙusoshi huɗu, ta sa ya kafa takardar a cikin murfin akwatin.