Saukowar Bahago

Waɗanda suka ga Bahago yana wasa a zamaninsa ba sa yarda a yi musu gardama a kansa. Sukan ce ƙwallo tana jin maganar ƙafarsa ta hagu fiye da yadda ɗan kirki yake jin ta mahaifiyarsa. In zai yi bugun tazara, ba ya ja da baya mai nisa kamar sauran 'yan wasa. Taku kaɗan yake yi, ya karkata kafaɗa, sai a ga ƙwallo ta tashi kamar za ta bar filin, can kuma ta sake shawara, ta lanƙwaso, ta faɗa kusurwar raga. Masu tsaron gida da dama sun koma gidajensu suna rantsuwa cewa iska ce ta cuce su.

A bayan wani garejin gyaran motoci ya koyi wasa, daga shi sai katanga. Iyayensu sun rasu da wuri, saboda haka yayarsa ce ta riƙe shi da keken ɗinkinta. Ita ce ta fara dukansa a kan ƙwallo, ranar da ya fasa gilashin tagar maƙwabci, ita ce kuma ta ɗinka masa rigar wasansa ta farko da ragowar yadi, ta manna lambar a karkace. Da ya yi ƙorafi, ko kallonsa ba ta yi ba ta ce, "Kai ma ai a karkace kake bugawa. Wuce ka ba ni wuri."

Daga ƙaramin kulob ya koma babba, daga nan aka kira shi ya yi wa ƙasa wasa, har ya ƙetare teku. Ɗaukaka ba ta sa ya manta da mutane ba. In ya zo hutu, a garejin nan ake samunsa, zaune a kan tsohuwar taya, ana ta yi masa tsiya yana ramawa. Ya yi aure, aka haifa masa 'ya mace, ya sa mata sunan mahaifiyarsa, shi ya sa yake kiranta Uwata.

Ana saura kwana kaɗan wasan ƙarshe na cin kofi, gwiwarsa ta hagu ta murɗe a wurin atisaye. Abin da 'yan wasa suka saba yi shi ma ya yi: ya ɗaure ta da bandeji, ya ja safa ya rufe, don kada mai horarwa ya gani ya ajiye shi a benci. Ranar wasan ya keɓe da mai tausar kulob a ɗakin canza kaya, ya roƙe shi allurar kashe zafi. "Wasa ɗaya ne kawai," in ji shi. Aka yi masa, ya fita, ya ci ƙwallon da har yau tsofaffi suke kwatanta ta da hannu a wuraren hira. Mako na gaba ma wasa ɗaya ne. Haka aka yi ta tafiya, gwiwa tana lalacewa ba ta da bakin faɗa, har ta kai allura ba ta isa, sai an haɗa da ƙwayoyi. Da kulob ya sallame shi, ƙwallo ta tsaya, amma ƙwayoyin ba su tsaya ba.

Shekarun da suka biyo baya ba su da daɗin ji. Matarsa ta yi haƙuri iyakar iyawarta, sannan ta tafi. Yarinyar ta koma hannun gwaggonta, ta tashi a gindin keken ɗinkin da ya raini ubanta. An sha tsintar Bahago a bakin kasuwa bai san inda kansa yake ba. Yayar nan dai ce ta tasa shi gaba zuwa asibiti, ta zauna a kujerar roba kusa da gadonsa tana yi wa rigunan mutane kalmasa, yana ihu yana zaginta, ita kuwa tana zare allurarta. Ya fito ya rame kamar sanda, amma bai sake komawa ba. Bai kuma taɓa ɗora wa mai tausa ko kulob laifi ba.

Aka ba shi aikin kula da ƙaramin filin wasan unguwa. Yana yanke ciyawa, yana ja wa layuka fenti, yana ƙulle ragar da ta yage. Ciyawar da ya tarar kamar kan mai ƙora ta dawo lif-lif. Wahalar aikin ɗaya ce: makunnin tankin ban ruwa yana can saman matakalar 'yan kallo. Hawa ba ya ba shi wuya sosai, amma gwiwar ba ta ɗaukar nauyinsa in zai sauko. Dole sai ya juya baya, ya riƙe ƙarfen gefe da hannu biyu, ya riƙa lalubo kowane mataki da ƙafa kamar mai saukowa daga tsani. Wannan ne abin da bai yarda kowa ya gani ba. Yakan zauna a sama yana yin kamar yana shan iska, sai fili ya watse sannan ya sauko.

Daga can saman yake kallon 'yarsa. Ta girma, ta shiga ƙungiyar 'yan mata, ƙawayenta suna kiranta Walƙiya saboda gudu. Takan gaishe shi da ladabi, kamar yadda ake gaida maƙwabci. Abin da ta sani game da shi shi ne abin da gari ya sani: ƙwaya ta cinye shi. Yadda abin ya fara, ba wanda ya gaya mata.

Ranar da masu zaɓen 'yan wasan ƙasa za su zo ganin 'yan matan, matakala ta cika tun da hantsi: iyaye, ƙawaye, da tsofaffin masoya ƙwallo. Yayarsa ma ta rufe shago ta zo. Bahago ya hau ya kashe ruwa, ya nemi wuri ya zauna, da niyyar sai an tashi. A lokacin ɗumama jiki ya lura yarinyar tana juyawa a kan ƙafar da ba ta saba ba, safarta ta dama kuma ta yi tudu a ƙasan gwiwa. Jim kaɗan sai ya ga ta ja mai tausar ƙungiyarsu gefe, bayan bencin 'yan canji, saurayin ya buɗe ƙaramin akwatinsa.

"Uwata!" ya ƙwala mata kira. Ta ɗago, ta gan shi, ta kawar da kai.

Ya dubi matakan da ke gabansa, ya dubi jama'a. Sai ya miƙe, ya juya musu baya, ya kama ƙarfe, ya fara lalube. Wani matashi ya yi dariya, tsohon da ke kusa da shi ya buge masa baki da hula. Surutu ya ɗauke. Mutanen da suka taɓa ɗaukarsa a kafaɗa suka riƙa janye ƙafafunsu suna ba shi hanya, ba wanda ya iya kallon ɗan'uwansa. Kafin ya taka ƙasa rigarsa ta jiƙe sharaf. Mai tausa yana tsaye da allura a hannu, ya kasa motsi.

"Wallahi ita ta roƙe ni, Baba," in ji saurayin.

"Ban ga laifinka ba, ɗana. Ni ma da bakina na roƙa."

"Baba, wasa ɗaya ne kawai," yarinyar ta ce.

"Na sani. Nawa ma ɗaya ne."

"Yau ka tuna kana da 'ya? Yau da za a zaɓe ni?"

"Ke!" gwaggonta ta daka mata tsawa, don ta riga ta iso. "Ubanki kike gaya wa haka? Kin ga marar kunya!"

"Ƙyale ta, Yaya, tana da gaskiya." Ya sunkuya da ƙyar, ya naɗe ƙafar wandonsa, gwiwar ta bayyana, kumbararriya, duk tabon ɗinki. "Ba ni da bakin hana ki, Uwata. Ƙafarki ce. Amma kin ga yadda na sauko. Da irin wannan allurar na fara, ba a bakin kasuwa ba. Shi ke nan abin da na zo faɗa."

Ta daɗe tana kallon gwiwar. Aka busa usur ana kiran 'yan wasa. Ta wuce shi, ta tsaya gaban mai horarwa, ta zame safarta ƙasa, ta nuna masa bandejin. A benci ta yi kallon wasan. Wata yarinya aka zaɓa a gurbinta.

Makonni suka wuce ko gaisuwar maƙwabcin ma bai samu ba. Likita ya ɗaure mata ƙafar, ya hana ta gudu. Yayarsa ta ce masa yarinyar ba ta cin abinci sosai, shi kuma ya ci gaba da yankan ciyawarsa.

Wata rana da yamma, 'yan atisaye ba su gama watsewa ba, yana zaune a sama yana shan iskarsa, sai ya ga 'yarsa ta hawo a hankali, ba bandeji. Ta tsaya mataki ɗaya ƙasa da shi, ta juya masa baya.

"Nan za ka kwana? Dafa kafaɗata."

"Akwai mutane, Uwata."

"Wane ne bai gani ba? Dafa, Baba, Gwaggo na jira."

Ya dafa. Ya sa ƙafar dama, ya jawo ta hagu, fuskarsa na kallon fili.

"Likita ya ce wata mai zuwa zan fara taɓa ƙwallo," ta ce ba tare da ta waiwaya ba. "Amma kada in matsa wa ta dama. Wai ka iya wani abu da ta hagu?"

"Haka nake jin ana faɗa," in ji Bahago. "Rage sauri, 'yar nan, ba tsere muke ba."