Goyo a Zaune

Na fara gudu ina 'yar shekara goma sha uku a kan duwatsun garinmu a Filato, ban daina ba har na kai hamsin da bakwai. Na yi wa makarantarmu gudu, na yi wa jiha, sannan aikin nas ya kawo ni Doha, na ci gaba da abina a bakin teku. Tun ƙarfe huɗu na asuba nake fita daga gidanmu a unguwar Al Wukair, in gama in dawo kafin rana ta fito, domin ranar ƙasar nan ba ta wasa da mutum. Sa'o'ina suna haɗiyar maganin hawan jini, ni ina ƙara kilomita. Ba zan ɓoye ba, ina da girman kai a kan wannan. Idan wata ta yi kukan ciwon gwiwa a zumuntar mata ta cocinmu, sai in ce mata, "Ki zo mu fita da asuba mana," alhali na san ba za ta zo ba.

'Yata tilo ta haihu a Jos ana tsakiyar korona. Jirage sun tsaya, mu kuma a asibiti ko maganar hutu ba a yi. Ga shi na riga na ciro majanyin da mahaifiyata ta goya ni da shi, wanda ni ma na goya 'yata da shi, na wanke, na goge, na shimfiɗa shi a saman akwati. Surukar 'yata ce ta yi mata wankan jego. Ita ce kuma ta fara goya yaron, aka nuna mini ta waya, tana jujjuyawa don in ga kansa da kyau. Na yaba, na yi godiya, na kashe wayar na yi kuka. Kishi ne ƙarara, kuma ban ji kunyarsa ba. Na mayar da majanyin cikin akwati, na ce ranar da na ga yaron nan sai ya kwana a bayana.

A watannin nan masu kawo ruwan sha sun daina shiga gidaje, a bakin ƙofa suke ajiye manyan gorunan ruwan, su wuce. Wata safiya na sunkuya na ɗauki ɗaya zan ɗora a kan na'urarsa, sai na ji ƙas a tsakiyar bayana. Na tsaya rungume da goran har numfashina ya dawo. Na ce jijiya ce. Na shafa man zafi, na sha farasitamol, bayan mako biyu na koma gudu ina cije baki. Da majinyaciya ce ta kawo mini wannan labarin, da a take na tura ta ɗaukar hoto. Amma wanzami ba ya son jarfa.

Siket ne ya tona mini asiri. Da aka sake buɗe coci na ɗauko anko ɗinmu na zumunta, wanda na fi shekara ban saka ba, sai ga shi yana sharar ƙasa. Na hau faɗa ni kaɗai, ina zagin telan da ya ɗinka shi, bawan Allah da ke can Jos bai san ana yi ba. Abokiyar zamana, wadda muke haya tare, tana tsaye a ƙofar ɗaki tana kallona. 'Yar kudancin Kaduna ce, na girme ta da shekara ashirin, kuma aikinta a asibitinmu shi ne auna ƙarfin ƙashi da na'ura.

"Mama, siket ba ya girma a cikin akwati," ta ce. "Zo ki jingina da bango."

Ta ɗora littafin waƙoƙi a kaina, ta ja layi da fensir, ta auna da tef. Na ragu da santimita huɗu. Na ce tef ɗin ne. Ta ce, "Khalas, Mama, magana ta ƙare. Gobe ki same ni a ɗakina na asibiti ƙarfe tara."

Kwanciyar a kan na'urar ba ta kai minti ashirin ba. Ƙafafuna, waɗanda nake taƙama da su, ba laifi. Ƙashin bayana ne ya zama kamar itacen da gara ta ci ta ciki, kuma gaɓa ɗaya ta riga ta lotsa tun ranar goran ruwa. Likitar, wata dattijuwa mai magana a hankali, ta tambaye ni ko al'adata ta taɓa tsayawa lokacin ina budurwa. Na ce ƙwarai, kusan shekara huɗu, sa'ad da nake yi wa jiha gudu. Mu a lokacin sa'a muka ɗauke shi, ba abin da zai hana mu gasa. Mai koyar da mu yana cewa jiki marar nauyi shi ke tashi, don haka na saba cin abinci kamar tsuntsu, kuma ban sake halin ba har girma. Ta ce a shekarun nan ne mace ke tara ƙashin da za ta ci a tsufa, ni kuwa ban tara ba, sannan da al'ada ta ɗauke gaba ɗaya ɗan abin da ya rage ya ci gaba da zubewa. Ta tambayi rabona da tsayawa a rana. Na yi dariya, don na shekara goma sha biyu a ƙasar rana ina wasan ɓuya da ita.

Ta rubuta magani, ta haɗa ni da mai gashin ƙashi don in koyi ɗaga ƙananan ƙarafa a tsaye, ta ce tafiya da sauri ta maye gurbin gudu tukuna. Duk na haɗiye. Sai ta ce kada in kuskura in sunkuya in ɗauki nauyi.

"Ko yaro?" na ce.

"Wane irin ɗauka?"

Na tashi na nuna mata yadda muke yi. Mace ta duƙa, a ɗora mata yaro a gadon baya, ta girgiza shi ya hau sama, ta ja zane ta ɗaure, sannan ta miƙe. Ta kalle ni har na gama, ta ce wannan duƙawar ce daidai abin da zai karya gaɓa ta biyu.

Ban gaya wa 'yata ba. Ita ta san uwarta ƙarfe ce. Tun tana ƙarama take tsayawa a bakin layin ƙarshe da gorar ruwa tana ihu, kuma har yau hoton da ke wayarta nawa ne da lamba a ƙirji. Na yi ta bin umarnin likita kamar ɗalibar da ke son a yafe mata, ina zama a rana da hantsi, ina shan madarar da na tsana, ina fatan kafin 'yata da yaron su zo a ce na warke. Aka sake aunawa, aka ce zubewar ta tsaya. Dokar dai ba ta canza ba.

Sun zo lokacin gasar cin kofin duniya, ita da mijinta da yaron, ya shekara biyu da rabi, ƙato kamar buhun masara. A filin jirgi na durƙusa a gwiwa, bayana a miƙe, na rungume shi a ƙasa, aka ɗauka murna ce ta durƙusar da ni. Kwana biyu ina zille-zille. A kasuwar Souq Waqif ya gaji cikin turmutsitsin masu tuta da ganguna, ya miƙo mini hannu, na ce ubansa ya ɗora shi a wuya don ya ga raƙuma. Na ga 'yata ta kalle ni.

A rana ta uku da la'asar surukina ya tafi kallon wasa, abokiyar zamana tana wurin aiki. 'Yata ta buɗe akwatina tana neman zane, sai ta fito da majanyin. Ta gane shi nan take. Ta kai shi hanci, idonta ya cika, sannan ta cafko yaron ta ɗaga shi.

"Mama, ga maigidanki. Shekara biyu kina min mita a waya. Duƙa."

Na tsaya ƙiƙam.

"Mama?"

"Ba zan iya ba," na ce.

Na zauna a bakin gado na gaya mata duka, goran ruwa, siket, hoton, shekarun da al'adata ta tsaya ina murna. Ta sauke yaron. Ta yi fushi, kuma tana da gaskiya. Ta ce shekara guda da rabi ina shan magani tana tambayata kilomita nawa na yi ina ba ta amsa. Na ce tsoro nake ji ta daina kallona yadda take kallona. Ta ce, "Ni uwa nake so, Mama, ba 'yar tsere ba." Sai ta dubi gadon, ta dubi bayana.

"Kar ki motsa," ta ce. "Miƙe bayanki."

Ta jera filo biyu a bayana, ta zaunar da yaron a kai, ƙafafunsa a gefen ƙuguna, nauyinsa duka a kan gado. Ta ja zane ta rufe shi, ta miƙo mini bakinsa ta ƙarƙashin hammata na ɗaure a ƙirji. Majanyin ita ta kewayo da shi, ni na ƙulle. Hannuna bai manta ƙullin ba.

Na ji ɗuminsa ya bazu a bayana. Ya kama wuyan rigata, ya buga mini dugadugai a cinya.

"Kaka, tashi! Tafi!"

Ƙafafuna sun amsa kafin ni, har na ji yatsuna sun danna ƙasa. Shekara arba'in da huɗu ba a taɓa ce mini tafi na zauna ba.

"Maigida, yau a nan za mu yi tafiyar," na ce masa.

Na fara jijjiga a hankali, hagu da dama, ina bubbuga masa ɗuwawu ta baya ina rera waƙar da mahaifiyata ke yi da yarenmu. Ya yi ƙorafi kaɗan. Can sai kansa ya yi nauyi tsakanin kafaɗuna, miyansa ya jiƙa mini riga. Daga gidan maƙwabta aka ɓarke da ihu, wani ya ci ƙwallo, bai ko motsa ba.

Bayan kamar awa guda 'yata ta zo a hankali ta kama ƙullin majanyin za ta kwance, ta ce bayana zai gaji. Ya riga ya gaji, yana ta zugi daidai wurin da ya lotsa. Na riƙe hannunta.

"Bar min shi," na ce. "Na yi masa alkawari a nan zai kwana."