Katin Tulun da Na Zauna a Kansa

Da asuba muka tashi daga Fassi, zakarun gidanmu ko gyaran murya ba su gama ba. Ku da kuke ta damuna da tambayar yadda tafiyarmu ta Rano ta kasance, ga labarin nan. Amma don Allah wanda ya karanta ya bar shi a cikinsa. Idan mun haɗu a hanya mu gaisa kawai, kowa ya kama gabansa.

Mu biyu ne, ni da yayata wadda take karatun kimiyya a wata kwaleji a Kano. Wasu ɗaliban jami'a 'yan Rano da kewaye ne suka shirya taron masu son labaran ƙage na kimiyya, irin na kumbo da mutum-mutumi da zuwa wasu duniyoyi. Sun ce duk wanda ya ƙirƙiro wasan tebur da hannunsa ya kawo, za a zaɓi guda ɗaya a kai shi babban taro a Kano. Yaya ta cinye hutunta kaf a kan wannan magana. Tana yanka kwalin sukari da almakashin Inna, tana zane har yatsunta suka rine, ta tara murafen lemo ta wanke su kamar kwanukan baƙi. Ta sa wa wasan suna Gayyar Wata.

Baba da ya ga katuna a ciki sai da ya ɗauki kwalin ya kai wa malamin unguwarmu, don tun da aka kafa shari'a ba ya son ko jin kalmar karta a gidansa. Malam ya juya kwalin, ya saurari bayanin Yaya, ya ce, "Wasan da babu mai cin wani, ina caca a nan?" Ni kuwa ina gefe ina dariya a ciki, ina cewa lallai Yaya ta iya yi wa manya wayo. A ina aka taɓa yin wasan da babu mai ci? Baba ya yarda, da sharaɗin ba za ta tafi ba sai da muharrami. Aka duba gida, manyan yayyena duk suna gona, sai ni. Ranar nan na kwana ina jin kaina kamar hakimi.

Ɗan acaɓa ne ya kai mu Kibiya a babura biyu, shi da ƙaninsa. Damina ta kusa ƙarewa, gero ya yi kai ya fi ni tsawo, raɓa ta jiƙa mana ƙafafun wando. Ramukan hanyar kuwa, akwai wanda muka faɗa ciki ina ɗan shekara sha biyar, na fito da gemu. Yaya ta rungume kwalinta a ƙirji, duk ramin da aka shiga ba kanta take karewa ba, kwalin take ɗagawa sama.

A tashar Kibiya muka karya da koko da ƙosai. Mai ƙosan ta ce wake ya yi tsada, shi ya sa ƙosan ya koma kamar ƙwayar magani, uku sai ka haɗa kafin haƙori ya san an zo. Bangon tashar duk hotunan 'yan takarar zaɓen da ya wuce, rana ta cinye fuskokinsu, saura murmushin kawai. Motar Rano tsohuwa ce, ƙofarta da igiya ake ɗaure ta. Mata a baya, maza a gaba. Na sanar da kwandasta cewa ni muharrami ne, dole in zauna inda zan riƙa ganin Yaya. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Ranka ya daɗe, bismillah," ya ɗora ni a kan buhun gyaɗa kusa da wata akuya. Har muka hango duwatsun Rano tana cin gefen rigata, ni kuma ina kare martabar gidanmu.

Wani zauren makaranta aka ara aka yi taron a ciki. Janareta yana ta ruri a waje, an rataya farin zani a bango ana haska fim ɗin wasu jirage suna harbin juna a cikin taurari. Jama'a, na ga abin da ban taɓa gani ba. Wani ya kifa kwanon silba a kansa ya liƙa masa eriyar rediyo. Wani ya shiga cikin kwalin firiji, ya huda ido biyu, yana tafiya yana cin karo da benci, sai an ja shi kamar makaho. A wani lungu wasu samari sun haɗa gumi suna musu: idan mutum yana duniyar wata, ina zai fuskanta ya yi salla, kuma wane wata zai duba ya ɗauki azumi? Wani ya ce sai dai ya leƙa ƙasan ƙafarsa. Har mai sayar da awara a bakin ƙofa ta sa baki, ta ce ita dai a fara gyara hanyar garinsu kafin a je wata.

Teburan wasa suna can ƙarshen zauren. Akwai masu ludo, akwai masu dara da aka zana musu a kan katako, sai layin sababbin wasanni. Alƙalin gasar wani malamin jami'a ne mai farin gilashi, yana bin tebur ɗaya bayan ɗaya, kowane wasa a buga shi sau ɗaya a gabansa, ya wuce. Da aka zo kan na Yaya sai aka ga mutum huɗu ake bukata, ga mai kwanon silba, ga wata ɗaliba mai shuɗin hijabi, ga wani dogo, saura ɗaya. Yaya da ta ƙirƙiro wasan ba ta shiga, bayani kawai za ta yi. Ta waiwayo ta ce, "Auta, zo ka cike. Ka dai saurara da kyau."

To, a nan sai na gaya muku ko ni wane ne. A Fassi, a ƙarƙashin mangwaron bakin fadama, babu yaron da bai san zafin ranƙwashina ba, don mu ba ma sa kuɗi, wanda aka cinye, kansa ne yake biya. Kuma kartarmu ta ɓoye ce. Da an ji tarin dattijo, kafin ya ƙaraso katuna sun shige ƙarƙashin cinya, mu kuma muna hirar ƙwallo. Daga nan muka koyi babbar dabara: idan babban kati ya zo hannunka, ka danne shi a ƙarƙashinka, sai ƙarshe ka fito da shi ka kashe kowa. Wanda ya nuna katinsa a wurinmu, ko uwarsa ba ta yi masa jaje.

Yaya ta shimfiɗa allon kwalin. Kumbo ne ta zana, ɗauke da irin gero za a kai wata a shuka. Kowa ya ɗauki murfin lemo: manomi, maƙeri, mai magani, direba. Ta yi bayani mai tsawo, na ji farkonsa, na ji ƙarshensa, tsakiyar kuwa ina kallon mai kwalin firiji yana ƙoƙarin shan ruwa ta hudar ido. Aka raba katuna. Na ɗaga nawa a hankali, sai ga wani da aka zana tulu a jiki, an zagaye shi da ruwan gwal, ya fi duk sauran kyau. Ban ma yi shawara da zuciyata ba. Hannuna da cinyata sun daɗe da sanin juna.

Wasan ya yi daɗi, wannan ba zan ɓoye ba. A jefa ɗan ludo, kumbo ya matsa, a buɗe katin masifa. Tanki ya ɓule, dogon nan ya ce yana da katin ƙira, ya ajiye a fili, aka liƙe. Direba ya kamu da zazzaɓi, mai hijabi ta miƙo katin magani. Ina kallonsu ina tausayinsu, 'yan jami'a guda amma kowa yana tallar abin hannunsa kamar mai tumatir. Alƙali har ya gyara zama, ya cire gilashi ya goge. Na ga Yaya tana ɓoye murmushi da gefen mayafi.

Saura kaɗan a sauka a wata aka buɗe katin gobara. Wuta ta kama rumbun iri. Yaya ta ce idan aka zagayo sau uku ba a kashe ba, kumbo ya ƙone da kowa. "Wa yake da tulu?" in ji mai kwanon silba. Kowa ya baje katunansa. Ni ma na baje waɗanda suka rage, na yi fuskar marayu. A raina ina cewa ku ƙone tukuna, in fito da abina in sauka a wata ni kaɗai. Har kirarin da zan yi na shirya.

Aka zagayo sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Dogon ya kwantar da murfinsa. Mai hijabi ta kwantar da nata. Sai Yaya ta miƙo hannu ta kwantar da nawa ma.

"Yaya, ni ai ban mutu ba."

"Kumbo ɗaya kuke ciki," ta ce, ko kallona ba ta yi ba. "Gayya ce. Ko a tsira tare ko a ƙone tare."

Sai a lokacin maganar malamin unguwarmu ta dawo mini, ta zauna a ƙirjina kamar dutsen niƙa. Alƙali ya tambaya ko akwai maganin gobara a wasan. Yaya ta ce, "Wallahi akwai, Malam, da hannuna na sa shi." Ta zazzage kwalin. Ta zazzage jakarta, har man leɓe ya gangara ƙarƙashin tebur. Ta durƙusa tana laluben ƙasa a gaban mutane, mai hijabi tana taya ta. Ni kuwa ina zaune a kan tulun, ina jin sa kamar garwashi. Sau nawa na buɗe baki in ce ga shi, sai in ga idon mutanen nan, in rufe. Kowane numfashi da na ƙara, fito da shi yana ƙara wuya. Har taya su leƙa ƙarƙashin tebur na yi, daga zaune. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai.

Alƙali ya ce tunanin wasan yana da kyau ƙwarai, amma ba za a kai abin da bai cika ba Kano, ta sake shiri sai wani taron. Ya wuce tebur na gaba. Kafin azahar aka sanar da wanda aka zaɓa, wani wasan tseren mutum-mutumi. Yaya ta tafa musu. Ni ban motsa ba. Aka kawo gurasa, na ci a zaune. Mai kwanon silba ya ce in zo in ga fim, na ce ƙafata ce ta yi sanyi.

Sai aka kira salla. Wannan kam babu dabara. Na miƙe a hankali, na shafa bencin da hannu don in dunƙule katin, sai na ji wayam. Na ce Allah Ya rufa mini asiri, na nufi ƙofa da sauri. Ashe gumi ya liƙe shi a bayan wandona, ruwan gwal yana ƙyalli. Mai kwalin firiji ne ya fara gani, mutumin da tun safe bai ga benci ba. Ya ɗaga murya daga cikin kwali: "Jama'a, ga tulu can zai tafi masallaci!"

Dariyar da aka yi, na tabbata an ji ta a Kibiya. Alƙali ya cire gilashi yana share hawaye, ya ce wa Yaya, "Ashe wasanki ya cika, har ya yi yawa. Kowace gayya da mai laɓewa a inuwa." Ya ba ta haƙuri, ya ce an riga an sanar, ba a warwarewa. Yaya ba ta yi dariya ba. Ta zo ta ɓare katin daga jikina da yatsa biyu, ta goge shi da mayafinta, ta mayar cikin kwali. Da ta mare ni da na ji sauƙi.

A motar dawowa ban yi wa kowa maganar muharrami ba, inda aka nuna mini na zauna. A Kibiya na sayo mata rake, ta karɓa ta riƙe, ba ta sha ba. Rana tana faɗuwa muka shiga Fassi, muka wuce wata gona da aka yi gayya, matasa suna dawowa da fartanya a kafaɗa suna tsokanar wani da suka ce tun safe yake gyaran ƙota. Na sunkuyar da kai kamar da ni suke.

Inna ta tare mu a tsakar gida. Yaya ta ce, "Alhamdu lillahi, ba a ɗauki nawa ba, sai wani karon." Inna ta ce, "To ya muharramin naki, bai ba ki wahala ba?" Na rufe ido ina jiran hukunci. Yaya ta ce, "A'a, tun da muka je yana zaune wuri ɗaya."

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Dabarar bakin fadama a bakin fadama take aiki, kuma katin da ka danne, idan na kowa ne, kai ma da shi za ka ƙone. Washegari da safe na je na ba ta haƙuri, ina ta kame-kame. Ta ɗauko sabon kwali da fensir, ta nuna mini turmi ta ce, "Hau nan, kada ka motsa. Ai ka iya." Ta daɗe tana kallona tana zane. Yanzu Gayyar Wata tana da sabon kati, sunansa Ɓeran Rumbu, wanda ya ɗauke shi aikinsa ya ɓoye tulu, sauran su gano shi kafin wuta ta ci iri. Ta ce da shi za ta koma taro na gaba. Na roƙe ta ta rage girman kunnuwan, ta ce a'a, so take duk wanda ya je Rano ranar nan ya gane mai su.