Jakin da Ba Ya Jin Hausa

Gidanmu yana cikin Birni a Damagaram. Kakata ta wajen uba, Ya Falmata, Babarbariya ce da ta zo da iyayenta fatake tun tana yarinya. Ta tsufa a garin, Hausarta ba ta da makusa, amma in ta fusata da Barbarci take faɗa. Lokacin sanyi, da an idar da sallar isha'i, takan jawo garwashin murhu bakin ɗakinta, ta binne gyaɗa cikin toka, mu jikoki mu zagaye ta. Kafin gyaɗar ta gasu an yi tatsuniya ɗaya.

A shekarun hamsin aka sa ni lakwal, makarantar boko ta Faransanci. A can akwai wani guntun ƙashi da aka ɗaura wa igiya, ana ce masa sambol. Duk wanda aka kama yana Hausa, a rataya masa, ba ya rabuwa da shi sai ya kama wani. Wata rana ya kwana a wuyana, domin an tashi ban kama kowa ba.

Ya Falmata ta ɗaga shi da yatsa biyu. "Maigida, wace irin laya ce wannan mai wari?"

Na yi mata bayani. Ta daɗe tana juya toka, sannan ta ce, "To, ga wata nan tafe, ku ba ta wuri."

Wai wani mutumin Gidimuni ya sayi jaki a hannun fatakin Borno, ƙaƙƙarfa, mai sheƙi. Ya ɗora masa kaya, ya ce "Tafi!" Jaki ya tsaya. Ya ce "Zo!" Jaki ya dubi gabas. Kwana bakwai yana dukansa, sanda uku suka karye. Wata tsohuwa mai sayar da kanwa ta tambaye shi inda aka haifi jakin. Da ya faɗa mata, ta matsa kusa da kunnen dabbar ta ce "Lene!" Jaki ya kama hanya. Ta ce "Are!" Ya dawo. Ta ce wa mutumin ya riƙa faɗin na Barbarci, ya bi shi da na Hausa nan take, kafin kasuwa ta zagayo zai ji duka biyun. Mutumin ya ce shi a ƙasar Damagaram yake, ba zai koyi yare saboda jaki ba. Ya koma ga sandarsa.

"Sai me ya faru?" in ji ƙanwata.

"Sai jaki ya koyi abu ɗaya. In ya ga sanda ta ɗaga, ya motsa. Ko gaba, ko baya, shi dai ya motsa." Ta tone gyaɗa ta raba mana. "Ta ƙare. Kai kuma, maigida, cire ƙashin nan kafin ka taɓa mini abinci."

Bayan samun 'yancin kai aka shiga neman masu koyar da Ingilishi a kwaleji. Na iya shi daidai gwargwado, don na yi zaman Kano wajen kawuna, na kuma yi kwas. Aka ɗauke ni na wucin gadi. Kafin a tabbatar da mutum sai mai duba makarantu ya zauna a ajinsa ya ga darasi guda, kuma dama biyu ake bayarwa. Wanda ya faɗi sau biyu ya ajiye alli. Sharaɗin a rubuce yake: daga shiga aji har fita, Ingilishi kaɗai. Yaran kuwa Hausa suke yi a gida, Faransanci a makaranta, wannan na uku ne.

Mai dubawar ɗan ƙasa ne kamata. A ƙofar aji da Hausa muka gaisa, har ya tambayi iyali. Darasin ranar ya tsaya a kan wata kalma mai harafi uku wadda ke nufin "tukuna". Ba a zana ta a allo, ba a nuna ta da hannu. Na ɗauki kofi na yi kamar zan sha na fasa. Na nufi ƙofa na dawo. Minti goma yara suna maimaita jimla a bayana, idanunsu babu komai. Na san abin da takarda ta ce. Na juya na ce, "Tukuna."

Wata yarinya a layin gaba, Hadiza, ta ce, "Ashe!" Hannuwa suka tashi. Kafin a buga ƙararrawa kowa ya ƙera jimlarsa, wani har ya ce bai yi aure ba tukuna, aji ya fashe da dariya.

Mai dubawar ya karanta mini hukunci da Faransanci: na faɗi, saboda amfani da harshen gida. Da ya rufe kundinsa ya sauya harshe, ya kira ni yadda ake kiran malami a lakwal. "Mushe, darasinka ya yi kyau, wallahi. Amma ni takarda nake bi."

Shekara ta zagayo, dama ta ƙarshe, ga mata ga jariri. Mako biyu na yi ina sa yara haddar darasin da za a duba, tambaya da amsarta, har da inda za su yi murmushi. Ranar ba a ji Hausa ko ɗaya ba. In na ɗaga alli su amsa, in na sauke su yi shiru. Na ci da yabo.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar Ya Falmata a matsayin labarin wawan mutum da tsohuwa mai hikima, ina kuma sa kaina a gefen tsohuwar. Sai daga baya na lura cewa a cikinta babu wanda ya tilasta wa mai jakin, girman kai ne kawai. Ni na san maganin, na gwada shi na ga ya yi, na ajiye shi da gangan don a sa mini hannu a takarda. Wannan ne har yau bai daina ba ni haushi ba.

Ranar da na ci, bayan mai dubawar ya tafi, Hadiza, wadda ta sake zama a ajina, ta tsaya a bakin ƙofa da littafinta a ƙirji.

"Mushe, mun yi daidai?"

Na ce sun yi daidai ƙwarai.

"To, me muka ce?"