Maganin Fitsarin Kwance a Gidan Goggo

Abin da na fara gani da muka shiga gidan Goggo a Kekun Waje shi ne wata 'yar tabarma a shanye kan danga, tsakiyarta ta yi baƙi saboda yawan jiƙewa. Hutun makaranta na zo daga Gusau. Baba ya ajiye ni ya koma.

Mai tabarmar yarinya ce ƙarama, ko haƙoranta na gaba ba su gama fitowa ba. Ɗiyar ƙanen mijin Goggo ce. 'Yan bindiga sun kashe iyayenta a ƙauyensu ta wajen Tsafe, ita kuma aka same ta ƙarƙashin rumbu. Tun da aka kawo ta take fitsarin kwance. Ba ta magana. Na lura in babur ya wuce ta bayan gida sai ta daina tauna, lomar ta tsaya a kumatunta.

Wata safiya Goggo ta ce lallashi ya ƙare. Ta aiki yara fadama suka kamo kwaɗo, ta ɗaure shi da tsumma a ƙugun yarinyar. Ta shafa mata toka a fuska, ta ɗora mata jiƙaƙƙiyar tabarmar a ka, ta ce yaran unguwa su bi ta da waƙa har ƙofar gida.

Wani yaro ya buga garwa da sanda. Bugu ɗaya, yarinyar ta zube ƙasa, ta ja ciki ta shige ƙarƙashin rumbun Goggo. Goggo ta kamo ƙafarta ta fizgo, haɓarta ta daki dutsen da rumbun yake kai, jini ya gangaro cikin tokar. Sai tsumagiya, a baya, a cinya, a wuya. Da ta karye, Goggo ta ɗauko igiyar guga.

"Kunyar yau ce za ta warkar da ke," in ji Goggo tana haki. "Ni ma haka aka yi mini, ga ni ban mutu ba."

Yarinyar ba ta yi kuka ba. Da hannunta ta toshe bakinta, idanunta a buɗe. Kwaɗon ya fashe a ƙarƙashinta. Nan take fitsari ya bi ƙafarta, yaran suka kwashe da dariya.

A makarantarmu wata malama ta taɓa gaya mana cewa masu nazarin lafiyar yara sun gano yaron da ya ga kisa, jikinsa kan ci gaba da tsoro ko bayan ya tsira, duka kuma ƙara abin yake. Da rana na yi ƙoƙarin faɗa wa Goggo. Ta ce in bari sai na haifi nawa in yi masa boko. Ta kuma ce in yarinyar ta sake fitsarin, ranar kasuwa za a zagaya da ita.

Ta kuwa sake. Saura kwana kaɗan kasuwa ta ci Baba ya zo ɗaukata. Ban taɓa roƙonsa komai baki da baki ba, ta wajen Inna nake bi. Na same shi a zaure yana sa takalmi, na durƙusa, na kasa ɗaga kai.

"Baba, don Allah ka duba bayan yarinyar nan kafin mu tafi. In ka gani, ka roƙi Goggo ta ba mu ita."